Cin Bashi a Biya Bashi: Yaushe Ne Mafita, Yaushe Ne Rami?

Wata Juma'a da hantsi ƙanwata ta kira ni daga Indabo. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, amma ɗaki ɗaya muka tashi. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a cikin gida, kuma ranar Juma'a ce ƙanin mijinta ke kai mata kaya kasuwar Wudil, don haka na ɗauka za ta tambaye ni ko a sako mini galan ɗaya a motar Kano. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga bayan ƙyaure.

"Yaya, sun tura wa malamin Islamiyyar yara saƙo. Har da hotona. Wai na ci kuɗin mutane na gudu."

Na ce su wa? Ta ce masu bashin waya.

Sai da na je washegari, muka shimfiɗa tabarma, muka ɗauki biro da bayan littafin makarantar ɗanta, sannan na ga zurfin ramin. Da yardarta nake ba ku labarin ba tare da suna ba, domin na san a cikin masu karanta wannan akwai wadda irin wannan manhaja ke zaune a wayarta yanzu haka, tana ƙirga mata kwanaki.

A watan Agusta, damina ta yi tsakiya, autarta ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro har sai da aka yi mata ƙarin jini. Maigidan ya riga ya zuba abin hannunsa a taki. Ɗan abin da ya rage ya biya na jini da allurai, ragowar magani ya gagara. Ita kuma ba ta so ta ƙara masa nauyi. Ta tuna da tallar da take gani a waya, ta sauke manhaja, ta sa lambar BVN, kafin ta gama alwala alat ya shigo: N30,000. Sharaɗin, ta mayar da N39,000 bayan mako biyu.

Yarinya ta warke, alhamdulillahi. Mako biyu ya cika babu N39,000. Sai ga wata manhaja da nata tayin: sabon shiga, kuma wata guda cur za a ba ta maimakon mako biyu. Ta karɓi N40,000, ta biya na farko, N1,000 ya rage ta sayi sabulu. Ta ce a daren ta yi barci mai daɗi. Amma N52,000 ke jiranta a ƙarshen wata.

Da ranar ta zo, sai ta koma wa ta farko, wadda yanzu ke yaba mata da cika alkawari, ta sake karɓar N30,000. Bai isa ba. Wata maƙwabciya ta turo mata adireshin manhaja ta uku ta WhatsApp, nan ta samu N25,000. Ta haɗa N55,000, ta biya N52,000.

Yi lissafin tare da ni, uwargida. Abin da ya taɓa hannunta ta yi amfani da shi N34,000 ne: talatin na magani, da dubu huɗu da suka rage a tsakanin juye-juyen. Abin da ake bin ta bayan mako shida: N39,000 a can, N32,500 a nan, jimla N71,500. Sau biyu ta "biya bashi", bashin ya fi ninki biyu. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dabarar da ta yi ba wauta ba ce. Ɗauke bashi daga wuri mai tsada a kai shi wuri mai sauƙi dabara ce da ake yi a duniya, kuma wasu sun fita da ita. Mu ma da ita muka fitar da ƙanwata daga baya. Bambancin yana wurin da aka kai bashin.

Yadda Turawa ke yin nasu

A Amurka da Ingila mutane da yawa na sayayya da katin bashi. Kamarsa ɗaya da katin ATM da ke jakarki, sai dai kuɗin da ke fita na banki ne. In mutum ya biya duka a ƙarshen wata, shi ke nan. In ya bar saura, kuɗin ruwa ya hau, kuma a Amurka a 'yan shekarun nan ya kan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. A 2023 bashin da ake bin Amurkawa a irin waɗannan katunan ya haura dala tiriliyan 1.

Tun da bankuna na gasar kwastoma, sai wani banki ya ce da kai: kawo bashinka wurina, ni zan biya wancan bankin, kuma ba zan ɗora maka ruwa ba har tsawon wata 12, ko 18, ko 21. A Ingila wani tayin ya kan wuce shekara biyu. Abin da suke karɓa nan take shi ne ladan sauyin, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na bashin.

A ce ana bin wata mata fam 3,000, ruwan kashi 24 a shekara. Duk wata kusan fam 60 na tafiya a ruwa kawai, uwar kuɗin ba ta motsa ba. Ta mayar da bashin sabon kati mai sassaucin wata 18, aka caje ta kashi 3, wato fam 90. Yanzu fam 3,090 ake bin ta. In ta raba shi gida 18, kusan fam 172 ke nan a wata. Ta jure wannan ba fashi, ranar da sassaucin ya ƙare ita ma ta gama.

To me bankin ya ci? Ai banki ba gidan sadaka ba ne. Ya san da yawa ba za su jure ba. Wani zai makara da biya, a janye masa sassaucin. Wani zai yi sabuwar sayayya da katin, wadda sau da yawa ba ta cikin sassaucin. Wani wa'adin zai cika da saura a kansa, ruwa mai tsada ya hau ragowar. Mafi muni, tsohon katin da aka biya yanzu ya zama fanko, yana kallon mai shi, har ranar da wata lalura za ta taso ya sake cika shi. Sai ga mutum da bashi biyu a inda da ɗaya ne. Harkar ta yi tsamari har sai da dokar katin bashi ta Amurka ta 2009 ta wajabta cewa irin wannan sassauci kada ya gaza wata shida.

Da wuya ki samu mai irin wannan kati a Indabo, ko a Darki, ko a Utai. Ko a cikin birnin Kano ma ba su da yawa. Amma tayin "zo nan ka biya can" ya iso mu, ta waya ya shigo, kuma namu ya zo ba tare da ko wata ɗaya na sassauci ba.

"A wata" ko "a shekara"?

Nan ne aka fi yi mana wayo. Kashi 24 da na ambata na Baturiya a shekara ne. Kashi 30 da aka ɗora wa ƙanwata a manhaja ta biyu a wata ne, wanda in aka jera shi wata 12 ya zama kashi 360. Na manhaja ta farko kuwa a mako biyu ne. Shekara na da irin wannan mako bibbiyu har 26, ki ninka da 30 ki gani: kashi 780. Don ki samu ma'auni, a ƙarshen 2024, lokacin da 'yan kasuwa ke kukan ruwan banki ya yi tsada, ma'aunin ruwan Babban Bankin Najeriya kashi 27.5 ne, a shekara.

Akwai kuma yankan da ake yi tun kuɗin bai iso ba. Duk mai aron katin waya ta san shi: ki ari na N100, galibi N85 za ki gani, amma ɗari cif za a cire ranar da kika sa kati. Wasu manhajojin haka suke yi da dubbai. A rubuce N20,000 ne, alat ya nuna N17,000, sauran an kira shi kuɗin hidima ko na inshora. In za ki biya wani bashin ne da shi, sai ki tarar bai kai ba, ki nemi ciko a wani wurin. Ta haka manhaja ɗaya ke zama uku.

Shi ya sa ni yanzu ba na tambayar kashi nawa ne. Nawa zai shigo hannuna, nawa zan mayar gaba ɗaya, kuma wace rana? In mai ba da bashi ya kasa faɗa miki waɗannan da lambobi kafin ki danna, to akwai abin da yake ɓoyewa.

Matan da ke karɓar albashi, ko waɗanda mazajensu malaman makaranta ne ko ma'aikatan ƙaramar hukuma, ku naku tayin ya fi kama da na Turawa. Wani kamfani zai ce zai "sayi" bashin da ake cire muku a albashi, ya biya wancan, ya rage abin da ake yanka duk wata, wani lokaci har da ɗan canji a hannu. Ga kunne akwai daɗi. A ce saura wata shida ki gama, ana cire N20,000, wato N120,000 ya rage. Sabon ya ce N12,000 kawai zai riƙa cira, amma wata 18. Wannan N216,000 ke nan. Kin sayi sauƙin N8,000 a wata da ƙarin N96,000 da kuma ƙarin shekara guda a cikin bashi. Akwai halin da mutum zai yarda da haka ido buɗe, misali in abin da ke saura a albashin ba ya kai abinci. Amma ya zama ido buɗe. Ki kuma tambaya ko ruwan a kan uwar kuɗin farko ake lissafa shi har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage. N100,000 a kan kashi 4 a wata na shekara guda, a lissafin farko ruwansa N48,000 ne, a na biyu kusan N28,000. Kashi 4 ɗin dai ɗaya ne a bakin mai talla.

Inda muka kai bashin

Mu koma tabarmar Indabo. Abin da ya fi lissafin wuya shi ne faɗa wa maigida. Ta yi ta roƙona, "Yaya, don Allah a rufa." Na ce da ita asirin da ya kai wayar malamin Islamiyya ai ya riga ya bar ɗaki, gara ya ji daga bakinki. Bayan Magariba ta faɗa masa ina daga tsakar gida. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe shiru, sannan ya ce abin da ya fi masa zafi shi ne ana maganar gidansa a waje shi bai sani ba. Daga nan ya ce dubu talatin ɗin farko nasa ne, domin maganin 'yarsa ne, kuma zai biya ta da kaka. Sai dai kaka da sauran makonni, su kuma masu manhaja kullum tara suke ƙarawa.

Na san ba kowane gida ne zai karɓi irin wannan labari haka ba. Wata ta fi ni sanin mijinta. In kina tsoron abin da zai biyo baya, ki nemi babba a dangi, gwaggo ko kawu, a faɗa a gabansa. Abin da na gani dai shi ne ɓoyon ne ya ciyar da bashin. Duk juyin da ta yi daga manhaja zuwa manhaja, don kada a sani ta yi shi.

Tana cikin adashi na mata goma, zubin N5,000 duk mako, kwasa N50,000. Ita ce ta takwas, kuma a makon za a yi kwasa ta uku. Muka je wajen uwar adashi, dattijuwa ce mai riƙon sirri. Na ce, "Baba, alfarma muka zo nema." Ba mu ɓoye mata komai ba. Ita ta je da kanta ta sami mai kwasa ta uku, wadda ke tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta ne kuma bikin sai bayan kaka, ta yarda aka yi musaya. Bayan an cire N1,000 na uwar adashi kamar yadda suka saba, N49,000 ya shigo hannu.

Ki duba da kyau, wannan shi ne abin da Baturiya ta yi da katinta, sai dai namu ya fi nata araha. Lada kashi 2 cikin 100, ruwa babu, kuma ranar gamawa sananniya ce: sauran zubi bakwai, mako bakwai. Ga shi kuma zubin da ta riga ta saba yi ne, ba sabon nauyi ba.

Amma kada na yi miki daɗin baki, adashin ma da abin da ya ci. Kwasarta ta takwas ta tsara ta ne ta faɗo daidai lokacin da sabuwar gyaɗa ta cika kasuwa ta yi araha, ta sayi ta ajiya ta ja da ita zuwa rani. Wannan ta rasa shi. Kuma wadda ta kwashe da wuri amana ce a wuyanta. Kowa ta san yadda adashi ke rushewa in masu kwasar farko suka fara wasan ɓuya, kuma wadda ta yi haka a ƙauye ta rufe wa kanta ƙofar da ta fi kowace manhaja amfani.

Saura N22,500. Yayanmu namiji da ke sayar da kayan babur a Wudil ya ce zai ranta. Nan wani abu ya faru da ya burge ni. Akwai mai tsire a cikin Wudil da ke karɓar ƙuli-ƙulinta yana haɗa yaji, tana bin sa N7,500. Yaya ya ce ai kullum yana wucewa ta teburinsa, a bar masa wannan ya karɓa da kansa, a cire daga rancen. Aka kira mai tsire ya amince. Malamin da muka kira shaida ya yi murmushi ya ce ai wannan da sunansa a fiƙihu, hawala ke nan: wanda ake bi ya tura mai bin sa ga wanda shi kuma yake bi, ba ƙari ba ragi. Ashe sauya wa bashi mazauni ba Turawa suka fara ba. Malamanmu na da babinsa tun da daɗewa, sai dai nasu ba ya haihuwa a hanya.

Ragowar N15,000 aka raba mako shida, N2,500 duk Juma'a in an dawo daga kasuwa. Aka rubuta a takarda da kwanan wata da shaidu biyu. Ƙanwata ta so ta ji haushi, wai ita da yayanta har sai an rubuta? Malam ya tuna mata cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ni kuma a raina na ce rubutun nan zumunci yake karewa. Bashin dangi da ba rana ba takarda shi ne ke sa a daina gaisawa a gidan biki.

Kafin a sa hannu sai da muka yi lissafi ɗaya, wanda in ba a yi shi ba duk sauran banza ne. Zubi N5,000 da rance N2,500, N7,500 ke nan duk mako. Ribarta a mako mai kyau ta kan kai N10,000, a mara kyau ta gaza. Muka ga zai yiwu, amma da ƙyar, kuma sai an taɓa wasu abubuwa: ankon da ta yi niyya ta fasa, data ta koma ta mako-mako. Da lissafin ya nuna ba zai yiwu ba, da sai mu roƙi Yaya ya ja wa'adin zuwa mako goma sha biyu tun a ranar, ba sai ta gaza ta fara kauce masa ba.

A ranar aka biya manhajojin biyu. Tarar makara da suka ɗora a sama, maigidan ne ya ranto wajen abokinsa ya cike. Da kuɗin bai isa duka ba, da wadda tararta ta fi gudu za mu fara kashewa.

Bankin da ba ruwa fa?

Mata da yawa kan tambaya ko bankunan Musulunci za su iya ɗauke musu irin wannan bashi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Amma tsarinsu galibi ba na miƙa tsabar kuɗi a biya wani bashi ba ne. Kaya suke saya, keken ɗinki ko injin niƙa ko hajar shago, su sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali. Don haka amfaninsu yana wajen jari, ba wajen kashe wutar manhaja ba. Wadda ke aiki a inda ake da ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, musamman irin waɗanda ke ba da rance ba ruwa, can ya kamata ta fara leƙawa.

In kuwa babu adashi, babu ɗan'uwa mai hali, babu ƙungiya, to sau da yawa sayar da wani abu ya fi sabuwar manhaja. Akuya, ko atamfar da ke ƙasan akwati. Da ciwo, na sani. Amma akuyar da kike tausayi, ruwan wata biyu zai cinye ta kuma bashin na nan.

Akwai wani juyin da nake roƙon ku da Allah ku guje shi: karɓar bashi da wayar wani. Mace ta cika nata, sai ta ɗauki wayar mahaifiyarta ko ta 'yarta budurwa, da BVN ɗinsu. Wannan ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba ne. Sunansa ne zai shiga kundin masu taurin bashi. Kuma tun daga watan Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar, in mai bashi ya sa hannu a kan yarjejeniyar, su bi BVN su cire kuɗinsu daga asusunsa na wani bankin in ya ƙi biya. Haka nan masu cewa a Facebook ko TikTok za su "goge miki bashi daga BVN" in kin tura wani abu, 'yan damfara ne. Lambar sirrin da banki ke turo miki ta saƙo kuwa ba a karanta wa kowa ita.

Ba su da ikon tozarta ki

Bashi wajibi ne a biya, wannan ba gardama. Amma tura hotonki ga mutanen da ke wayarki laifi ne, kuma hukuma ta san da shi. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin bashin waya Naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓa. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store leƙa lambobin waya da hotunan mutane. A watan Yunin shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. A 2025 kuma FCCPC ta fito da sabbin ƙa'idoji masu tarar da ta kai Naira miliyan 100.

Yanzu kin ga dalilin da ya sa manhaja ta uku ce ta yi wa ƙanwata tonon silili. Ba daga Play Store ta sauke ta ba, ta WhatsApp aka turo mata, kuma da ta nemi izinin ganin lambobi da hotuna, ta danna "na yarda" ba ta karanta ba, kamar yadda yawancinmu ke yi. Muka ɗauki hoton duk saƙonnin da suka tura, ɗan yayanmu da ke karatu a jami'ar Aliko Dangote ta Wudil ya shigar da ƙorafi a shafin FCCPC. Malamin Islamiyya kuwa maigidan ne ya je ya same shi da kansa. Malam ya ce ba shi ne na farko da ya gani ba.

Rufe tsohuwar ƙofa

Bayan biya ba mu goge manhajojin nan take ba. Sai da kowace ta nuna ba a bin ta ko kwabo, muka ɗauki hoton shafin muka adana, domin goge manhaja ba ya goge bashi, kuma akan dawo wa mutum da tsohon lissafi. Sannan ta je banki aka rufe katin ATM ɗin da ta sa lambobinsa a ciki aka ba ta sabo, don kada a wayi gari an zari wani abu. Bayan nan aka goge su.

Da kaka maigidan ya cika alkawari, da gyaɗar gonarsa ya biya ta dubu talatin ɗin. Ta taimaka, amma ba ta kai abin da kwasarta za ta saya ba, ga N37,500 da suka tafi a ruwa ba za su dawo ba. Tun kafin tsakiyar rani ta koma sayen gyaɗa kwano-kwano da tsada, ribar ta ja baya. Takardar Yaya kuwa sau ɗaya ta makara, makon da aka yi rasuwa a dangin mijinta, ta kira shi tun ranar Laraba ta faɗa masa, ya ce ta haɗa da na gaba.

Yanzu akwai wani gwangwanin madara a bayan kwallayenta, duk Juma'a tana jefa N500. Ta ce na zazzaɓin damina mai zuwa ne.

Zuwana na ƙarshe na same ta tana matsar mai, hannu duk tunkuza. Waya ta yi ƙara a kan tabarma, ta ce in duba mata. Saƙo ne daga manhaja ta farko, wadda aka goge tun watanni: suna taya ta murna, an ɗaga mata matsayi, yanzu za ta iya karɓar N80,000 cikin minti biyar. Na karanta mata. Ta ce, "Yaya, goge shi. Miƙo mini galan ɗin can."